Tambayi Likita: In annoba ta dawo, mai matsalar fitsari fa?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Lokacin korona fitsari ya riƙe ma babana, aka sa mai roba a wani asibiti nan Sakkwato aka ce aikin furostet ɗin (ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) sai gaba, muka yi ta sintiri wata da watanni. Mi ya sa haka? Kuma in wata annobar ta taho, Allah shi kiyaye, gida za mu zauna ko ko? Daga mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah shi ƙara ma baba lafiya. Ba ku kaɗai ba ne wallahi, tun da korona ta shigo Najeriya ran 27 ga Fabrairun 2020 asibitoci suka raba tiyata gida biyu, wadda za ta iya jira da wadda ba ta jira, don an kwashe ma'aikata zuwa wajen killace masu cutar, wasu ma sun kamu, masu ba da jini sun ja baya, ga gwajin da ake nema kafin a shiga tiyata shi ma sakamakonsa sai an jira. Tunda an sa ma baba roba fitsari na fita, ƙoda ta samu sa'ida, shi ya sa aka ɗaga nashi. Ba daɗi kam.

Amma zaman gida a'a. Abin da ya fi cutar mutane a lokacin ma tsoro ne, kada a je a ce korona ce a killace mutum, sai a tsaya kemis ko jiƙe-jiƙe har abu ya lalace.

Ga matsalolin da ba a zama gida da su. Yaro ko saurayi da maraina ya kama ciwo farat ɗaya, ya kumbura har da amai, galibi murɗewa ce, jini ya daina zuwa, in aka wuce kamar awa 6 ba a yi aiki ba ana iya rasa ɗan marainan, kuma yara kunya ke hana su faɗa, sai uba ya tambaya. Haka fitsari ya tsaya cak mara ta cika tam, ko tsakuwar ƙoda ta haɗu da zazzaɓi da rawar ɗari. Sai fitsarin jini mai gudaji, wanda mutanenmu na bakin gulbin Rima ke rainawa wai ai tsargiya ce, alhali gudajin na toshe hanya.

Ko ana tsakiyar kulle waɗannan ba sa jira, a sa takunkumi a nufi emajensi na Asibitin Koyarwa na Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ko da tsakar dare ne. Mai roba kuma a riƙa kai shi canji ranar da aka ba shi, in ta toshe kada a kwana.