Iskar ditektan GC tana hawa tana sauka: laifin EPC ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Jos, muna gwada man gyaɗa da na'urar GC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin samfuri, mai ditektan FID, wato sashen da ke gano sinadaran ta hanyar ƙona su a 'yar wutar haidurojin da iska. Mako biyu ke nan iska ta ƙi tsayawa. Na saita ta a mililita 400 a minti, sai ta sauka wajen 350 ta dawo, wani lokaci har wutar ditektan ta mutu. Iskarmu daga kwamfuresa take, haidurojin kuma daga silinda. Da na auna da mitar kumfa, mai auna gudun iska da kumfar sabulu, sai na ga 460 alhali allo na nuna 400. An ce mu sayi sabon EPC, wato sashen da ke daidaita matsi da gudun gas a cikin na'urar. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki dakata da maganar saye tukuna. EPC yana iya rage matsin da ya zo masa, amma ba ya iya ƙirƙirar wanda bai zo ba, shi ya sa galibi matsalar tana can baya, kafin iska ta shiga na'urar.

Ki samu agogo ki zauna kusa da kwamfuresar rabin awa. Duk sanda adadin ya sauka ki rubuta lokacin, ki kuma saurari sanda injin ke tashi. In saukar tana zuwa daf da tashinsa a kowane zagaye, kin kama ɓarawon: matsin tankin yana faɗuwa ƙasa da abin da EPC ke buƙata kafin injin ya cika shi. Yawancin waɗannan na'urori suna son iska ta iso da matsi tsayayye wajen psi 60 zuwa 80, amma ki bi littafin taki. Kuma a bayan na'urar za ki auna, ba a bakin tanki ba, domin matatar danshi da ta cika ko dogon siririn bututu suna cin matsi a hanya. Gwajin da ya fi raba gardama shi ne ki aro silindar iska mai tsabta da regileta (mai daidaita matsi) mai mataki biyu, ki haɗa kai tsaye. In adadin ya tsaya cak, EPC ɗinki lafiyarsa ƙalau.

Batun 460 kuwa, ba lallai ne ya zama lalacewa ba. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, matsin sararin samaniya ya yi ƙasa, don haka iska tana buɗewa. Allon yana lissafi ne kamar kina bakin teku, mitar kumfa kuma tana auna abin da ya fito a ɗakinki. Bambancin kusan kashi 15 cikin ɗari abu ne da ake tsammani. Wanda ya koyi aiki a Legas kan ruɗe a nan.

In silindar aron ba ta gyara ba, sai ki nemi yoyo. Ki yi amfani da na'urar gano yoyo a layin haidurojin, kada ki zuba ruwan sabulu a mahaɗar kolom, wato siririn bututun da samfuri ke bi a rarrabe shi, zai shige ciki ya ɓata miki aiki. Kada a yi wasa da haidurojin: kashi 4 cikin ɗari kacal a iskar ɗaki ya isa ya kama wuta. Ki rufe silindar kafin ki kwance komai.

Daga nan sai jet ɗin ditektan, wato ɗan bututun da wutar ke ci a bakinsa. Toka, ɓurɓushin ferul na girafayit (zoben da ke liƙe mahaɗar kolom) da farar ƙurar da kolom ke zubarwa suna toshe ɗan ramin. Ki bari ya huce, ki cire, ki duba shi a haske. Ni dai na fi son a canza shi a kan a yi ta tsokalarsa da waya. Ki tabbata haidurojin yana mililita 30 zuwa 40 a minti, zafin ditektan kuma digiri 250 na Celsius ko sama, don ruwan da wutar ke haifarwa kada ya taru.

In duk wannan bai yi ba, ki rufe gas, ki sauke matsin gaba ɗaya, ki mayar da ma'aunin matsin EPC sifiri. Sai in adadin ya ci gaba da rawa bayan haka, a kan silinda mai tsayayyen matsi, sannan ki kira injiniya da maganar sabo.