Amsa kan fim ɗin Glory da harin sansanin Wagner

Malam, ka tambaya ko abin da fim ɗin Glory na 1989 ya nuna ya auku da gaske. Harin dai ya auku. Ranar 18 ga Yuli, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, runduna ta 54 ta jihar Massachusetts, wadda sojojinta baƙar fata ne, ta afka wa sansanin Wagner na 'yan Kudu, kusa da birnin Charleston. Ba su ci sansanin ba. Cikin mutum kusan 600, sama da 250 aka kashe, ko aka raunata, ko aka kama. Kanar Shaw, baturen da ya jagorance su, ya mutu a wurin, 'yan Kudu suka binne shi rami ɗaya da sojojinsa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda fim ɗin ya nuna sojojin kamar gudaddun bayi. Mafi yawansu mutane ne masu 'yancinsu daga Arewa, har da 'ya'ya biyu na Frederick Douglass, fitaccen ɗan gwagwarmayar hana bauta. Bulalar da aka yi wa sojan da ɗan wasa Denzel Washington ya fito a matsayinsa a fim ɗin ma, an hana irinta a sojan Amurka tun 1861.

Maganar bambancin albashi da fim ɗin ya nuna kuwa gaskiya ce. Albashin dala 10 a wata aka yanka musu, ana cire 3 kuɗin kaki, alhali farare suna karɓar 13. Suka ƙi karɓa fiye da shekara guda, har aka daidaita a 1864.