Akori-kura tana rawa a silo: kada ka sake sayen famfon mai sai ka auna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar akori-kura Toyota Tacoma ƙirar 1999, tokumbo daga Amurka, mai silinda huɗu. Da ita nake ɗaukar kayan gwari daga kasuwar Mile 12 zuwa Agege. Wata biyu ke nan, in na tsaya a cunkoso sai injin ya kama rawa kamar zai mutu, amma da na taka totur sai ya daidaita. Makanike ya ce famfon mai ne, na sayo a kasuwar kayan mota ta Ladipo aka sa, ba abin da ya sauya. Yanzu ya ce in sake sayen wani. Ɗana kuma ya ce akwai na'urar da ake haɗawa da waya ta faɗi ciwon mota. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Gaskiya ɗanka ya faɗa, amma kafin mu zo kan waya, ina roƙonka ka riƙe kuɗinka tukuna. A silo, wato inji na aiki mota na tsaye ba a taka totur ba, nan ne ya fi shan mai kaɗan. Famfon da ya gaji yakan nuna kansa ne lokacin da aka fi bukatarsa, wato ka lodo buhunan albasa ka doshi hawan gada, ka taka mota ta ƙi ja. Motarka kuwa tana rawa a tsaye, tana warkewa in an taka. Wannan ya fi kama da iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya, ko wutar fulogi, ko bawul.

Tun daga 1996 doka ta tilasta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da soket ɗin binciken matsalar inji da ake kira OBD2, mai ramuka 16. Leƙa ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, za ka gan shi. Na'urar da ake cusawa a ciki sunanta ELM327, girmanta bai wuce akwatin ashana ba, ana samunta a Computer Village da ke Ikeja da kuma Ladipo. Tana magana da waya ta Bluetooth. In wayarka Android ce, sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta tana aiki da iPhone, domin yawancin masu arhan ba sa haɗuwa da ita. Kuma ka gwada a jikin motarka kafin ka biya, don wasu ba sa jin yaren tsofaffin motoci.

Da ta haɗu, fara da lambobin matsala, ka ɗauki hotonsu kafin kowa ya goge. P0301 zuwa P0304 suna faɗa maka silindar da ke fashin wuta, lambar ƙarshe ita ce silindar. P0300 na nufin fashin bai tsaya wuri ɗaya ba. P0171 kuma na cewa iska ta yi wa mai yawa.

Abin da na fi so ka duba shi ne lambobi biyu da mutane ke tsallakewa, STFT da LTFT. Su ne ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar inji, ke ƙarawa ko ragewa don daidaita konewa. Bari inji ya yi zafi sosai, ka bar shi a silo, ka haɗa lambobin biyu. Lafiyayyen inji yana zama kusa da sifiri. In jimillar ta haura 10 cikin ɗari, ƙwaƙwalwar na fama ne tana cike giɓi. Sai ka taka totur har allurar juyin inji ta kai 2,500, ka riƙe ta nan na rabin minti kana kallon waya. In lambar ta sauko, iska ce ke satar hanya, domin ɗan ramin da ke damun inji a silo ba ya tasiri idan an buɗe totur. In kuwa lambar ƙara hawa ta yi, musamman a kan hanya da kaya, to nan ne za a fara zargin famfo, ko filtar mai, ko na'urar auna iska da ƙura ta rufe.

In iska ce, buɗe bonet ka kama baƙin tiyon roba mai lanƙwasa da ya taso daga gidan filtar iska zuwa totur. Lanƙwasa shi da hannu ka leƙa ƙasansa, cikin ninkin. Roba mai shekara sama da ashirin a zafin Legas takan tsage a daidai inda ido ba ya gani. Bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya tafi tukunyar burki, kana kasa kunne ko za ka ji sautin tsotso.

Waya ba za ta nuna maka ƙarfin turin mai ba, domin wannan motar ba ta da na'urar da ke aika wa ƙwaƙwalwa wannan lamba. Sai an ɗaura ma'auni mai allura a bututun mai. A injin 3RZ mai lita 2.7, wanda shi ne babban mai silinda huɗu a Tacoma ta wancan zamani, ana son ganin psi (ma'aunin ƙarfin turi) 38 zuwa 44 idan an zare ɗan tiyon da ke kan ragileta, wato abin da ke daidaita turin mai. Da an mayar da tiyon a silo, allura ta ɗan sauko. Ka sansana bakin tiyon nan, in ka ji fetur ko ka ga danshi, ragileta ta fashe, tana ɗura wa inji mai ta bayan fage. Bayan an kashe mota, allura ta tsaya sama da psi 21 har minti biyar. In ta zube nan take, wata nozil mai fesa wa silinda mai na ɗiga ko famfo ba ya riƙe mai. Don Allah a yi wannan aiki a fili, inji ya huce, ba mai sigari a kusa.

In lambar ta nuna silinda ɗaya tak, a musanya fulogi da na maƙwabciyarta, a goge lamba, a ga ko ciwon ya bi shi. Haka za a yi da wayar fulogi, sannan nozil. In ya kafe a wuri ɗaya, a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin silindar. Wannan inji an san shi da tsukewar bawul ɗin hayaƙi idan ya tsufa ba a taɓa saita su ba, kuma alamar farko ita ce irin wannan rawa a silo. An kama da wuri, saiti ne kawai. An bari, bawul ya ƙone, sai an sauke kan inji.

Ka nuna wa makanikenka abin da waya ta nuna cikin mutunci, ku duba tare. In fitilar inji ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, rage gudu ka nemi wurin tsayawa, domin ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona abin tace hayaƙi. Da ka gama kuma ka zare na'urar daga soket, don tana jan batir ko mota a kashe take.