Tambaya da Amsa: Jinyar wanda aka yi wa aikin ƙashin baya bayan an sallamo shi gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo, cikin garin Jos. Yau kwana 9 da aka yi wa maigidana aikin ƙashin baya a wani asibiti a Abuja, inda aka ce an haɗa ƙasusuwa biyu na ƙugunsa da ƙarafa da sukurori saboda jijiyar da suke dannewa. Shekarunsa 52, yana da ciwon suga, kuma dankalin turawa yake sayarwa a kasuwar Farin Gada. Likita ya ce ya riƙa tashi yana tattakawa, amma Hajiya mahaifiyarsa ta hana, ta ce wanda aka tsaga wa baya kwanciya ce maganinsa, kuma tana so a kira mai ɗori ya yi masa tausa da gashin ruwan zafi. Shi kuma yadda zai yi salla ne ya dame shi, ga shi kwana 4 bai yi bayan gida ba. Ina tsaka mai wuya, ku ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Maganar likita za a bi, kuma ina roƙon a fara bin ta yau, domin kowace ranar da maigida ya yini a kwance ƙarfi yake rasawa. Hajiya ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma a zamanin da ta tashi har a asibitoci ana daɗewa da kwantar da irin waɗannan majinyata. Daga baya aka gane cewa doguwar kwanciya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a ƙirji, naman baya da na cinya ya saki, hanji kuma ya yi nauyin aiki, wanda shi ne kuka fara gani.

Akwai hanyar fahimtar da Hajiya da abin da ta riga ta sani. Mai ɗori yana ɗaure karaya da karare daga waje domin ƙashi ya tsaya wuri ɗaya har ya kama. Ƙarafa da sukurorin da aka sa wa maigida aikinsu ke nan, sai dai su daga ciki suke riƙewa, saboda haka tafiya a miƙe ba ta gusar da komai. Ban so wannan bayani ya fito daga bakinki ba, don kada a ɗauka kina jayayya da surukarki. Ya fi kyau maigida da kansa, ko wani babban wansa, ya kira likitan a waya a gaban Hajiya ta ji da kunnenta, sannan a danƙa mata aikin lura da cewa ya yi tattakinsa a kan lokaci.

Tattakin kuwa ba mai yawa ba ne da farko. Minti 5 a tsakar gida, sau da yawa a yini, kina kusa da shi, yana sanye da takalmi mai riƙe ƙafa maimakon silifas, ana ƙara 'yan mintoci bayan kwana biyu ko uku gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Jos gari ne mai duwatsu da gangare, don haka a tsaya a wuri mai shimfiɗa, kuma idan sanyin asuba ya ɗaure masa jiki a jira hantsi ya fito.

Abin da ke ɓata aiki irin wannan shi ne sunkuyawa daga ƙugu, da murɗa jiki kamar mai waiwaye, da ɗaukan nauyi. Likitocin ƙashin baya sukan iyakance nauyin da majinyaci zai ɗauka a makonnin farko ga kilo 4 zuwa 5. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan buta ba ta da laifi, amma bokitin wanka mai lita 10 ya ninka iyakar, ballantana jarka mai lita 20, ko yaron da zai rugo ya ce Baba ya ɗauke shi. Inda na fi jin tsoro shi ne mako na huɗu zuwa na shida, lokacin da ciwo zai lafa, maigida ya ji garau, kasuwa ta fara kiransa. Lafawar ciwo ba ita ce haɗewar ƙashi ba. Ƙasusuwan da aka haɗa suna bukatar wata 3 zuwa 6 kafin su kama sosai, wani lokaci ma ƙarfinsu ba ya cika sai an doshi shekara, kuma hoton da za a ɗauka a asibiti ne zai nuna inda aka kai. Idan lokacin komawa Farin Gada ya yi, ya koma ya zauna ya yi ciniki ya riƙe lissafi, yara su yi dakon buhu. Buhun dankali guda da ya ja kafin lokaci yana iya sassauta sukurori, a koma ɗakin tiyata a biya kuɗi sabo.

Tashi daga kwance ma yana da ƙa'ida. Zai lanƙwasa gwiwoyi, ya juya kafaɗa da ƙugu tare kamar gungumen itace har ya koma gefe ɗaya, ya sauke ƙafafu ƙasa yana tura jikinsa sama da hannu. Wannan ba ya yiwuwa ga wanda katifarsa ke ƙasa, saboda haka a nemo gado mai tsayi daidai gwiwa ko sama da haka kaɗan, ko da aro ne. Idan ya kwanta rigingine a sa matashi ƙarƙashin gwiwoyi, idan a gefe ne a sa shi tsakanin gwiwoyin. Zama kuma kada ya wuce minti 20 zuwa 30 a lokaci ɗaya, a kujera mai ƙarfi mai hannu, ba kushin mai lotsawa ba, ba kuma tabarma ba. A nan 'yan dubiya sukan cutar da majinyaci ba da niyya ba, domin kunya tana sa shi ya zauna awa biyu yana amsa gaisuwa. Ki samu wani namiji a gidan da zai riƙa sallamar baƙi cikin mutunci.

Taurin bayan gida na kwana 4 abu ne da aka saba gani, kuma kwanciya da magungunan kashe zafi irin su tramadol ne suka fi jawo shi. A yawaita masa ruwa, a ba shi ganye, wanda Jos ba ta rasa ba: kabeji, alayyaho, zogale, da gwaten acha mai wadataccen ganye, tare da wake, ƙwai da kifi domin rauni ya samu abin ginuwa. Ku kira likita ya rubuta maganin laushin bayan gida, kada ya yi ta yunƙuri. Idan kuwa ciki ya kumbura, yana amai, iska ma ba ta fita, to a tafi asibiti. Masai na tsuguno bai dace da shi ba a watannin nan. Ana sayar da kujerar bayan gida a shagunan kayan asibiti, wasu gidajen kuma sukan huda kujerar roba mai ƙwari su ɗora a kan masai. Wanka ma a tsaye ko a kan doguwar kujera, a ɗora bokiti a wuri mai tudu.

Game da salla, addini ya riga ya yi sauƙi. Bukhari ya ruwaito cewa Imrana bin Husaini, Allah ya yarda da shi, ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da salla saboda rashin lafiyar da yake fama da ita, sai ya ce masa ya yi a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Maigida ya yi sallarsa a kan kujera, yana nuni da kai wajen ruku'u da sujada ba tare da lanƙwasa baya ba, har likita ya ba shi izini. Wajen alwala ke ko wani daga cikin yara ya wanke masa ƙafafu.

Maganar mai ɗori kuwa a jingine ta gaba ɗaya. Ba karaya maigida ya yi ba, kuma tausa a kan wurin da aka yi aiki kusa da jijiyoyi tana iya jawo abin da ba zai gyaru ba. Ruwan zafi, man shafawa, garin magani, ƙaho, duk kada su kusanci ɗinkin, musamman ga mai ciwon suga, wanda rauninsa ke jinkirin warkewa kuma ƙwayoyin cuta ke saurin kama shi. A riƙa auna sugansa kullum, a bar wurin a bushe, ma'aikacin jinya ne zai canza bandeji da hannu mai tsabta, ɗinki kuma galibi ana cire shi tsakanin kwana 10 da 14. Motsa jikin da ya dace likitan fisiyo ne zai koyar idan lokaci ya yi. Kada a sayo diclofenac ko ibuprofen a kemis ba da sanin likita ba, domin likitoci da yawa suna hana su bayan irin wannan aiki saboda suna iya rage saurin haɗewar ƙashi. Idan yana shan taba ya daina, ita ma tana hana ƙashi kamawa.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ɗinki ya yi ja ya kumbura yana fitar da mugunya, ko wani farin ruwa yana tsatsowa tare da ciwon kai mai tsananta idan ya tashi zaune, duk suna bukatar likita a ranar. Haka nan idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe. Mafi gaggawa shi ne fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba da saninsa ba, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai su mutu, ko ƙafa ta rasa ƙarfi farat ɗaya. A irin wannan hali kada ku ce sai an koma Abuja, ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da takardun sallamarku a hannu, ku kira likitansa kuna hanya. Ranar komawa ganin likita kuma, ku ɗauki shatar mota maimakon ta haya, ya zauna a gaba an ɗan kwantar da kujera, a riƙa tsayawa duk bayan kamar awa ɗaya ya sauka ya taka, ba sai an kai Akwanga ko Keffi ba. A cikin gari ma ya guji Keke Napep saboda jijjiga.

TAMBAYA: Ni ma'aikacin ofis ne a Abuja, ina zaune a Kubwa. Mako 5 da suka wuce aka cire mini ɓangaren faifan baya, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, da ya zame yana danne jijiya, ba a sa ƙarfe ba. Ciwon ƙafar ya tafi, amma har yanzu gefen tafin ƙafata a mace yake. Aikin bai yi ba ne? Kuma yaushe zan koma tuƙi?

AMSA: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Tafiyar ciwon ƙafa ita ce babbar shaidar cewa an ɗage wa jijiyar abin da ya danne ta. Jijiyar da ta daɗe a matse takan yi jinkirin farfaɗowa: zafi ne ke fara tafiya, mutuwar fata kuma tana iya ɗaukan watanni, a wasu mutanen ma kaɗan daga cikinta yakan zauna. Abin lura shi ne kada ta riƙa yaɗuwa, kada ƙafar ta fara ja ko yatsu su riƙa tuntuɓe, kada kuma tsohon ciwon ya dawo da ƙarfinsa, domin faifai yana iya sake zamewa, kuma a watannin farko aka fi ganin haka. Tuƙi sai ka daina shan maganin da ke sa barci, kuma ka tabbata za ka iya taka burki da sauri ba tare da jin zafi ba, musamman idan ƙafar dama ce, sannan likitanka ya amince. Ka fara da gajeruwar tafiya a cikin Kubwa, domin zaman cunkoson safiya a babbar hanyar shiga gari ya wuce abin da bayanka zai ɗauka yanzu. A ofis kuma ka nemi a yarda ka fara da rabin yini, kana miƙewa ka taka duk bayan minti 30.