Wannan ba Bruce Lee ba ne, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, ka ce an tura maka fim ɗin Bruce Lee a waya, labarin ba kai ba gindi, baki na motsi daban murya na fita daban, kana tambaya ko shi ne da gaske. Wallahi ka fama mini tsohon miki.

Lokacin ina da gidan kallo a Garin Malam, wani mai kaset a Kasuwar Dole ya rantse mini da Allah cewa sabon fim ɗin Bruce Lee ne. Jika biyu na ƙirga masa. Da dare rumfa ta cika maƙil, yara sun biya dala biyar-biyar, na tada janareta. Ana farawa wani yaro ya miƙe ya ce, "Baba, wannan ai ba shi ba ne!" Wani siriri ne da baƙin tabarau, yana ta shafar hanci. An kashe malaminsa, zai rama, labarin ke nan kaf. Shef bandi, wato babban mugun fim ɗin, ya rufe baki ya juya baya, Faransancinsa bai ƙare ba. Aka yi ta ihu, aka karya mini benci ɗaya, na mayar wa kowa kuɗinsa, ga asarar mai. Washegari na koma wajen mutumin, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ganina ba. Har yau idan na bi ta layinsu raina ɓaci yake.

Ka duba sunan da kyau. Bruce Lee ya rasu a 1973, sai masu fim a Hongkong da Taiwan suka cika kasuwa da masu kama da shi: Bruce Li, Bruce Le, Dragon Lee. Harafi ɗaya ne ya cuce ni. Ko fim ɗin Bruce Lee kansa, Game of Death na 1978 ma, mafi yawansa wasu ne suka tsaya a madadinsa.

Batun murya kuwa, kada ka wahalar da kanka neman wani kwafi. Yawancin finafinan nan ba a ɗauki magana a wurin ɗauka ba, daga baya ake ɗora ta, ko ta Sinancin. Ni rage ƙara nake yi in kalli faɗan kawai. Kuma don Allah kada ka biya mai turawa sai ya buɗe maka ka ga fuskar jarumin a gabansa.