Amsa ga Ɗan Koyo: Aikin Gonar Alfaka da Lambu a Lokacin Dusar Ƙanƙara

Ɗana, na ji tambayarka, inda kake cewa tun da dusar ƙanƙara ta rufe gona, ciyawa ta daina tofo, kuma ba za a yi wa alfaka, dabbar nan dangin raƙumi da muke kiwo don gashinta, aski ba sai watan Mayu, mene ne zai hana ka sauka birni ka nemi wani aikin har sanyi ya wuce. Tambaya ce mai ma'ana daga wanda ya tashi a inda hunturu shi ne lokacin da fadama ke cika da tumatir da albasa. A nan arewacin jihar New York al'amarin a juye yake, domin daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu babu abin da ke ƙaruwa a gonar nan, komai raguwa yake yi, daga tsokar jikin dabba, zuwa ciyawar da muka tara, zuwa ganyen da ke rumfar leda, wato rumfar da muke noman lambu a cikinta don kare shi daga sanyi, da karas ɗin da ke ɗakin ajiya. Aikinmu shi ne mu hana wannan raguwa yin sauri, kuma ba aiki ne da ake juya wa baya ko da na kwana biyu ba.

Da ka idar da sallar Asuba, ruwa za ka fara dubawa kafin abinci. A daren da sanyi ya sauka zuwa digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri, bokitin da babu na'urar ɗumama ruwa a cikinsa yakan daskare kafin gari ya waye, wanda ke da ita kuma ba a amince masa da ido, sai ka tsoma hannu, domin waya takan tsinke ba tare da kowa ya sani ba. Babbar alfaka tana shan kimanin lita 3 zuwa 5 a yini, kuma yanzu da busasshiyar ciyawa kaɗai take ci, buƙatarta ga ruwa ta fi ta lokacin ɗanyar ciyawa. Idan ruwan ya yi sanyi ƙwarai takan ɗan kurɓa ta bari, idan ta rage sha sai ta rage ci, daga nan kuma cikinta ya cushe. Kada ka ce ai za ta lashi dusar ƙanƙara, wannan ba ya kashe mata ƙishi, ɗumin jikinta kawai yake ci.

Bayan ruwa sai ciyawa. Alfaka mai nauyin kilo 65 tana cin wajen kilo ɗaya da rabi a yini, a kwanakin tsananin sanyi kuma mukan cika mata ta ci iyakar cinta, saboda narkar da ciyawa a ciki shi ne yake samar mata da ɗumi. Ka lissafa da kanka: dabba goma, wata shida babu kiwo, ya kusa tan uku ke nan idan ka haɗa da wadda suke zubarwa su tattake. Shi ya sa ka ga na matsa a sayo ciyawar yanka na biyu, wato wadda ta sake tofowa bayan yankan farko, tun watan Agusta, mai laushi da yawan ganye, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙa raba ta wuri uku ko huɗu, nesa da juna, domin a kowane garke akwai masu ƙarfi da ke tsaye bakin abinci suna tofa wa na ƙasa da su yawu, kuma tsohuwa ko mai jin tsoro za ta gwammace ta kwana da yunwa da ta yi jayayya.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Alfaka dangin raƙumi ce, asalinta duwatsun Andes na ƙasashen Peru da Bolibiya, inda ake kiwonta a tuddai masu tsayin mita 4,000 da ɗoriya, kuma har yau mafi yawan alfakar duniya a Peru suke, musamman yankin Puno. Irin da muke da shi, wanda ake kira huacaya, gashinsa a cunkushe yake, ya miƙe daga fata, ta yadda dabbar da ta rame ƙwarai da wadda take da ƙiba kamanninsu ɗaya daga nesa, kamar ramammen mutum a cikin babbar riga mai sitati. Akuya idan ta rame kowa ya gani, alfaka kuwa sai an taɓa. Saboda haka duk mako biyu za ka tara su a ƙaramin shinge, ka rungumi wuyan kowace a hankali, ka nutsa yatsunka cikin gashin gadon bayanta, kaɗan bayan kafaɗa, har ka ji fata. Idan naman da ke gefen ƙashin baya ya gangaro a miƙe zuwa haƙarƙari, dabbar tana daidai. Idan ka ji ƙashin yana tsini, gefensa kuma ya loɓa, ta rame, sai a ware ta tare da wata abokiyar zama, domin alfaka ba ta jure kaɗaici, a ƙara mata ganyen alfalfa, wata ciyawa mai gina jiki, da ɗan tsaki, a duba haƙoranta, a kai kashinta wurin likitan dabbobi ya duba ko tsutsar ciki ce. Ka rubuta abin da hannunka ya ji a littafi, da suna da kwanan wata, don ƙwaƙwalwa ba ta riƙe bayan dabba goma.

Busasshen sanyi ba ya damunsu sosai, za ka gan su kwance a waje, sun naɗe ƙafafu, dusar ƙanƙara ta taru a bayansu ba ta narke ba, kuma wannan alama ce mai kyau, tana nuna gashin bai bar ɗumi ya fita ba. Abin tsoro shi ne ruwan sama mai sanyi haɗe da iska. Gashin alfaka ba shi da maiƙon da ke jikin na tumaki, don haka ruwa yakan ratsa shi har fata. A irin wannan rana ka kora su cikin rumfa, ka shimfiɗa kara mai kauri, amma kada ka toshe ko'ina, domin warin fitsari a rufaffen wuri ya fi sanyi illa ga huhunsu.

Akwai cututtuka biyu da nake so idonka ya saba da su. Ta farko ƙarancin bitamin D ne: a ƙasarsu ta asali rana tana da ƙarfi duk shekara, a nan kuwa ranar hunturu ba ta isa ta samar musu da shi ta fata ba, sai ka ga ɗan da aka haifa a ƙarshen shekara, musamman mai baƙin gashi, ya daina wasa, ya ƙudundune baya, yana takawa kamar gaɓoɓinsa na ciwo. Allura ake yi musu, amma likita ne yake yanke yawanta, domin idan ta wuce kima guba ce. Ta biyu wata tsutsa ce da ke jikin barewar wannan yanki mai farin wutsiya, tana bi ta katantanwa ta shiga ciyawar kiwo, idan alfaka ta haɗiye ta sai ta hau lakar baya. Dabbar da ta kamu a Oktoba, sau da yawa sai cikin hunturu za ta fara jan ƙafar baya. Ranar da ka ga haka kada ka jira ni, ka kira likita.

Shara ba ta da wuya, tun da alfaka wuri ɗaya suke kashi, sai dai ka kwashe kullum kafin ya daskare ya manne da ƙasa. A juji za ka tara shi, kada ka kai shi rumfar ganye ɗanye, domin ƙa'idar noma marar sinadari a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa.

Rumfar leda kuwa ba a shigarta da sassafe. Daga wajen 10 ga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu hasken yini a nan bai kai awa 10 ba, kuma a ƙasa da haka tsiro yakan tsaya cak, don haka alayyafon turawa da ganyen kel, dangin kabeji, da muka shuka a Satumba ajiya suke, abin da ka yanka ba zai mayar ba sai rana ta ƙaru. Da safe za ka same su a daskare, sun kwanta kamar sun mutu, idan ka taɓa su a wannan hali ganyen zai yi baƙi ya ruɓe. Ka jira zuwa hantsi, rana ta ɗumama rumfar, su miƙe da kansu, sannan ka yaye farin mayafin da ke kansu ka yanki na waje, ka bar zuciyar. Idan rana ta fito sosai ka buɗe ƙofa kaɗan raɓa ta fita, kuma lallai ka mayar da mayafin kafin La'asar, domin a Disamba Magariba takan yi kafin ƙarfe 5. Sanyin nan ne yake sa ganyen da karas su yi zaƙi, shi ya sa masu saye suke bin mu kasuwar Asabar duk da ƙanƙara. Idan dusa mai nauyi ta sauka, ko da tsakar dare ne, a tashi a ture ta daga kan ledar da tsintsiya mai laushi, in ba haka ba ƙarafan za su lanƙwashe.

A ɗakin ajiya, karas da kabeji suna son sanyin da ya kusa sifiri da danshi mai yawa, albasa da tafarnuwa sanyi marar danshi, kabewa kuma wajen digiri 10 zuwa 13, saboda haka ba a haɗa su ɗaki ɗaya. Sau ɗaya a mako ka bi su da hannu da hanci ka fitar da wanda ya fara laushi. Yamma kuma ta tsince gashin alfaka na askin bara ce, a cire ƙaiƙayi da kaushin gashi kafin a aika masaƙa, da gyaran kayan aiki, da lissafin irin da za mu saya. Zan so ka zauna kusa da ni ranar da zan yi wannan lissafin, domin a tsakiyar Fabrairu za mu zuba irin albasa a faranti cikin ɗaki mai ɗumi, kuma bana kai nake so ka riƙe wannan aikin tun daga zuba iri har dashe a watan Afrilu.