Tambaya da Amsa: Habaicin mawaƙan Farisa tsoro ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gardama ta sarƙe a majalisarmu ta Ƙofar Doka. Wani abokinmu ya ce mawaƙan Farisa da suka riƙa fakewa da labarin dabbobi don sukar azzaluman sarakuna matsorata ne, da suna da zuciya da sun kama suna. Ni ban yarda ba, amma na rasa hujja. Daga ɗalibinka a birnin Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce wa abokinka ya fara sanin irin sarakunan da ake magana a kansu.

A 1353 Mubarizuddin Muhammad, mai mulkin Kirman, ya ci birnin Shiraz da yaƙi. Ya rufe gidajen giya, ya yafa rigar tsoron Allah, amma takobinsa bai huta ba. Masu tarihi sun ruwaito cewa yakan ajiye Alƙur'ani yana tsakiyar karatu, ya kashe wanda aka kawo gabansa, ya koma kan karatunsa. Hafiz, shahararren mawaƙin Shiraz, bai kama sunansa ba, sai dai ya riƙa ambaton "muhtasibi", wato jami'in hisba, a baitocinsa, kuma mutanen Shiraz sun san da wa ake.

A wannan zamanin Ubaidu Zakani, mutumin Kazwin, ya rayu, kuma shi ke da waƙar Ɓera da Kyanwa. Wata kyanwa ce a Kirman ta cinye ɓera, sannan ta shiga masallaci tana kuka tana istigfari. Ɓeraye suka ji labari suka yi murna, manyansu suka ɗauko kyaututtuka suka zo gaisuwa. Da suka matso sai ta daka tsalle ta cafke biyar lokaci guda. Waɗanda suka tsira suka kai kuka wurin sarkinsu: da can ɗaiɗai take ɗauka, tunda ta tuba ta koma biyar-biyar. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. Manazarta da yawa suna ganin da Mubarizuddin ake, kuma ambaton Kirman ya ishe ni hujja.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshenta. Ɓeraye sun haɗa runduna, har sun kama kyanwar sun ɗaure, amma ta tsinke igiya ta tarwatsa su. Ubaidu bai yi wa talakawa daɗin baki ba, kuma bai kyale su ba, domin su ne suka gaskata hawayen azzalumi. Matsoraci ba ya tsokanar ɓangare biyu a waƙa ɗaya. Kuma ka lura, bai taɓa addini ba, mai fakewa da addini ya nufa. (Wasu rubuce-rubucensa akwai batsa, ba na ba yara shawarar su bi su duka.)

Su kuwa waɗanda suka fito fili, ga abin da ya same su. Mawaƙi Mirzade Ishƙi ya yi wa shirin jamhuriyar Riza Khan, firaministan Iran na lokacin, zambo a jaridarsa, aka harbe shi a gidansa a Tehran a 1924, yana ɗan shekara kusan talatin. Farruki Yazdi tun yana saurayi gwamnan Yazd ya sa aka ɗinke masa leɓɓa da zare da allura saboda waƙa. Bai daina ba, ya kafa jaridar Tufan, ya ƙare a kurkukun Ƙasr, inda ya rasu a 1939. Ina girmama su ƙwarai, amma ban yarda jininsu ya zama abin yi wa Hafiz da Ubaidu gori ba.

Shi kansa Mubarizuddin, ɗansa Shah Shuja ya tuɓe shi a 1358, ya sa aka makantar da shi, ya mutu a tsare.